Hukuncin tuƙi cikin maye da tafiyar jirgin ruwa zuwa Alaska: ina matsalar take?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, ina da manyan motoci biyu da ke ɗaukar kaya tsakanin Ngawundare da Kuseri. A watan Maris na 2021 jandarmomi suka tsayar da ni da dare ina tuƙa ƙaramar motata, suka sa na busa na'ura, daga nan aka kai ni kotu. Alƙali ya ci ni tarar sefa 100,000, ya yi mini ɗaurin je-ka-gyara-halinka na wata uku, ya kuma karɓe lasisina na wata shida. Ban buge kowa ba, kuma tun daga ranar na tuba. Yanzu ƙanena da ke zaune a birnin Siyatil na Amurka yana so ya biya mana, ni da maiɗakina, kuɗin jirgin ruwan shaƙatawa na kwana bakwai zuwa Alaska. Ya ce jirgin zai tsaya na 'yan sa'o'i a wani gari na Kanada, amma in na ga dama sai in zauna a ciki kada in sauka. Shin wancan hukunci zai hana ni tafiya? Kuma tunda a nan gida abin ya faru, dole ne in faɗa musu? Don Allah a sakaya sunana."

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah Ya karɓi tubarka, Ya kuma tabbatar da kai a kanta. Ka yi dabara da ka tambaya tun ƙanenka bai biya kuɗi ba, domin yawancin masu zuwa ofishina da irin wannan magana sai tikiti ya shiga hannu suke zuwa, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Tambayarka biyu ce: ko hukuncin da wata kotu ta yanke maka a arewacin Kamaru zai iya tare maka hanya a wata tashar jiragen ruwa da ke can ƙarshen duniya, da kuma ko ya halatta ka yi shiru a kansa. Amsar ta farko ita ce zai iya, kuma a wannan hanya da ƙanenka ya zaɓa kusan tabbas ne zai yi. Amsar ta biyu ita ce a'a. Na shafe shekaru ina haɗa wa mutane takardun neman biza a nan Garwa, kuma daga abin da na gani da idona zan yi maka bayani.

Jirgi ba ƙasa ba ne

Abin da ke ruɗar mutane shi ne suna ɗaukar jirgin ruwan shaƙatawa tamkar otal ne mai yawo, wanda da zarar ka shiga ɗakinka ba ruwan kowace hukuma da kai. A wurin doka ba haka abin yake ba. Idan jirgi ya shiga ruwan wata ƙasa ya ɗaure a tasharta, duk wanda ke cikinsa ya iso iyakar wannan ƙasa, ko ya taka ƙasa ko yana kwance a kan gadonsa. Tun kafin jirgin ya iso, kamfanin ya riga ya aika wa hukumar iyakokin ƙasar da jerin sunayen fasinjoji da lambobin fasfonsu, jami'ai kuma suna da ikon hawa jirgin su kira wanda suka ga dama. Saboda haka kamfanonin ba sa jira a kai ga nan. A tashar farko, wurin da ake duba takardu kafin a hau, suke tambayar bizar kowace ƙasa da ke kan hanya, wanda ba shi da ita kuma a nan ake barinsa. A cikin sharuɗɗan tikiti akwai inda aka rubuta cewa haɗa takardun tafiya nauyin fasinja ne, kuma wanda aka hana hawa saboda rashin takarda ba a mayar masa da kuɗinsa. Inshorar tafiya ma galibi ba ta biyan irin wannan asara.

Za ka iya cewa, Siyatil Amurka ce, Alaska ma Amurka ce, me ya kawo Kanada a tsakani? Wata tsohuwar dokar Amurka ce ta shekarar 1886, wadda ta taƙaita wa jiragen da ke ɗauke da tutar wata ƙasa jigilar fasinjoji tsakanin tashoshin Amurka. Da yake kusan duk manyan jiragen shaƙatawa a ƙasashe irin su Bahamas da Fanama da Malta aka yi musu rajista, wanda ya tashi daga Siyatil ya dawo Siyatil dole ya taɓa wata tashar ƙasar waje a hanya. Garin da ƙanenka yake nufi Biktoriya ne, a lardin Biritish Kolombiya, inda jirage da yawa ke tsayawa da yamma a daren ƙarshe. Wannan gajeriyar tsayawa ita ce ke wajabta wa mai fasfon Kamaru ko na Chadi ya riƙe bizar Kanada tare da ta Amurka. To a wurin neman bizar Kanada ne maganar hukuncinka za ta taso.

Dalilin da ya sa Kanada ta fi kowa tsanani

Jami'in Kanada ba ya duba nauyin hukuncin da alƙalinka ya yanke. Abin da yake yi shi ne ya ɗauki laifin da aka same ka da shi ya ɗora a kan dokar ƙasarsu, ya tambayi kansa: da a Kanada aka aikata wannan, mene ne hukunci mafi tsanani da doka ta tanada? A nan Kamaru, sashe na 228 na dokar manyan laifuffuka ta 2016 ya tanadi ɗaurin wata uku zuwa shekara uku da tara ga wanda ya tuƙa mota cikin maye, kai kuma alƙali ya sassauta maka. A Kanada kuwa, tun daga ranar 18 ga Disamba 2018, hukunci mafi tsanani na wannan laifi ya tashi daga shekara biyar zuwa shekara goma. A ƙarƙashin sashe na 36 na dokarsu ta shige da fice, duk laifin da hukuncinsa zai iya kai wa shekara goma ya shiga sahun manyan laifuffuka. Ke nan mutumin da bai kwana ko ɗaya a kurkuku ba, bai kuma ji wa kowa ciwo ba, yana iya samun kansa a rukuni ɗaya da waɗanda suka yi abin da ya fi nasa muni nesa ba kusa ba. A ganina wannan ma'auni ya yi tsauri ga mutum irinka, amma ƙasarsu ce, dokarsu ce, kuma sun kafa ta ne saboda rayukan da ake asara a kan hanyoyinsu.

Wannan rana ta Disambar 2018 ita ce ta raba mutane gida biyu. Wanda ya aikata laifin kafin ranar, sau ɗaya tak, idan shekara goma ta cika bayan ya gama hukuncinsa ana iya ɗaukarsa a matsayin wanda ya gyaru ba tare da ya nemi komai ba. Wanda ya aikata daga ranar zuwa yau ba shi da wannan rangwame, ko da shekara ashirin ta wuce. Naka ya faru ne a 2021, saboda haka zaman jira kawai ba zai wanke ka ba, sai ka nema.

Hanya biyu ce a gabanka. Ta farko ita ce neman abin da zan kira wanke suna, wato ka roƙi hukumar shige da ficen Kanada ta amince cewa ka gyaru, ta ɗage maka hanin gaba ɗaya. Ba a karɓar wannan buƙata sai shekara biyar ta cika bayan kammala hukunci, kuma a nan ne mutane ke kuskuren lissafi, domin suna ƙirgawa daga daren da aka kama su. Ƙirgen yana farawa ne daga ranar da ɓangaren ƙarshe na hukuncin ya cika. Idan an yanke maka hukunci a Maris na 2021 aka riƙe lasisinka wata shida, ƙirgenka ba zai fara ba sai wajen Satumba na 2021, ka ga sai wajen Satumba na 2026 ke nan za ka cancanci shigar da takarda. Idan kuma ka yi jinkirin biyan tarar har ta wuce wancan lokaci, daga ranar biya za a fara. Kuɗin neman ga masu babban laifi ya haura dalar Kanada 1,000, ba a mayarwa ko an ƙi, kuma hukumar da kanta tana gargaɗin cewa amsa na iya ɗaukar fiye da shekara.

Bari in tsaya a kan rasidin tara, domin ƙaramar takarda ce da ke riƙe da babban al'amari. Wani bawan Allah daga Marwa ya taɓa zuwa wurina da irin wannan matsala, komai nasa ya haɗu sai shaidar biyan tara. Ya rantse ya biya, kuma na yarda da shi, amma jami'in da ke karanta fayil a wata ƙasa ba ya karanta rantsuwa. Sai da ya koma gida ya zazzage akwatin ƙarfen da uwargidansa ke ajiye takardun filaye da na haihuwar yara, a ƙasan akwatin ya tarar da rasidin a ninke cikin tsohon littafin asibiti, tawadar hatimin ta kusa gogewa, kwanan watan dai ana iya karanta shi. Wannan kwanan wata ya nuna cewa ya biya ne wata goma sha ɗaya bayan hukunci, abin da ya tura lissafinsa gaba da kusan shekara guda. Ya ji zafi a ranar, amma da ya shigar da takarda kafin lokaci da kuɗinsa sun tafi a banza.

Hanya ta biyu ita ce izinin shiga na wucin gadi, wanda ake iya bai wa mutum tun shekara biyar ba ta cika ba. Sharaɗinsa shi ne jami'i ya gamsu cewa buƙatarka ta shiga ƙasar ta rinjayi haɗarin da ake gani a tattare da kai. Jana'izar mahaifi, jinyar ɗa, ko taron kasuwanci da ba zai yiwu ba sai da kai, waɗannan dalilai ne masu nauyi. Yawon buɗe ido a cikin jirgin ruwa dalili ne mai rauni, ba zan ɓoye maka ba. Ana iya dacewa, amma ni ba zan ce wa ƙanenka ya biya kuɗin ɗaki a kan wannan fata ba. Ka kuma yi hattara da shawarwarin da zai ci karo da su a intanet, domin kusan dukkansu an rubuta su ne don Amurkawa, waɗanda ba sa buƙatar biza kuma suna iya neman wannan izini a bakin iyaka. Kai kuwa tun daga nan gida za a yanke maganarka, ta hannun ofishin biza, bayan ka je Yawunde an ɗauki hoton yatsunka.

Maganar yin shiru

Na san abin da ke ranka, domin duk wanda ya zauna a kujerar da ke gaban teburina da wannan matsala sai ya rage murya ya faɗe shi: wa zai sani? Gaskiya ne cewa kundin kotunanmu ba a haɗe yake da kwamfutocin Kanada ba, saɓanin na Amurka wanda jami'in iyakar Kanada ke iya gani nan take. Gaskiya ne kuma cewa takardar kaziye mai lamba 3, wato takardar da ke nuna hukuncin da kotu ta taɓa yanke wa mutum, wadda ake karɓa a ofishin akawun kotun garin da aka haifi mutum, ba kowane hukunci ne ke fitowa a cikinta ba, na sha ganin ta fito fes ga mutumin da na san an taɓa yanke masa hukunci. Amma fom ɗin bizar Kanada bai tambaye ka abin da ke cikin kaziyenka ba. Ya tambaya ne ko ka taɓa aikata laifi, ko an taɓa kama ka, ko tuhumarka, ko yanke maka hukunci a kowace ƙasa. Fom ɗin Amurka ma haka yake tambaya, har ya ƙara da cewa ko da an yi maka afuwa. Amsar gaskiya a wurinka ita ce e, kuma wankewar da dokar Kamaru ke bayarwa bayan wasu shekaru ba ta canza wannan amsa.

Idan aka gano ƙarya, Kanada tana hana mutum shiga na shekara biyar, Amurka kuwa haninta a kan yaudara wajen neman biza na har abada ne, sai dai in an yi wa mutum sassauci na musamman. Ƙasashen biyu suna musayar bayanan masu neman biza ta hanyar hoton yatsu, tare da Ingila da Ostareliya da Niyu Zilan, don haka wanda ya faɗa wa ɗaya gaskiya ya ɓoye wa ɗaya ya haƙa wa kansa rami. Ka tuna kuma kana da ƙane a can, wataƙila gobe 'ya'yanka za su nemi karatu, ko wata lalura ta jinya ta taso, a lokacin ne tsohon fom zai dawo kan tebur. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kai kuma mutum ne da ya riga ya tuba daga abin da ya fi wannan wuyar bari. Ni dai a ofishina ba na cika wa kowa fom da amsar da na san ba gaskiya ba ce, ko nawa zai biya.

Akwai bambanci ɗaya da ya kamata masu karatu su lura da shi. Wanda jandarma ya rubuta wa tara a bakin hanya ya biya ya wuce, ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, matsayinsa daban ne da naka. Haka ma 'yan'uwanmu da aka tsayar a Faransa: a can, daga giram 0.5 zuwa ƙasa da 0.8 na barasa a kowace litar jini ƙaramin laifi ne na tara, daga 0.8 zuwa sama ne ake zuwa kotu, kuma 0.8 ɗin ita ce iyakar da dokar manyan laifuffuka ta Kanada ta sa. Saboda haka adadin da na'ura ta nuna a daren yana da muhimmanci, kuma yana cikin rahoton jandarmomi da ke cikin fayil ɗinka.

Amurka da sauran hanyoyi

Amurka ta fi sauƙi a wannan fanni. Hukunci ɗaya na tuƙi cikin maye, wanda ba a ji wa kowa rauni ba, ba ya hana biza da kansa. Sai dai ƙa'idar ma'aikatar harkokin wajensu ita ce, wanda aka kama sau ɗaya a cikin shekara biyar da ta wuce, ko sau biyu a cikin shekara goma, jami'in biza zai tura shi wurin likitan da ofishin jakadanci ya amince da shi, domin a duba ko yana da lalurar shaye-shaye mai cutar da mutane. Idan an tura ka, kai za ka biya likitan, ban da dala 185 ta neman biza, kuma hakan na nufin ƙarin kwanaki a Yawunde bayan doguwar tafiyar mota zuwa Ngawundare da kwanan jirgin ƙasa. 'Yan'uwanmu masu fasfon Chadi kuwa su fara bincika matsayin ƙasarsu kafin komai, domin a watan Yunin 2025 Amurka ta sa Chadi cikin ƙasashen da ta dakatar da shigar 'yan ƙasarsu.

Idan ka samu bizar Amurka, akwai jiragen da ke tashi daga Mayami ko Los Anjalis zuwa Meziko da tsibiran Karebiyan ba tare da sun kusanci Kanada ba. Meziko tana karɓar mai ingantacciyar bizar Amurka ba sai ya nemi tata ba, amma kowane tsibiri da nasa sharaɗin ga fasfon Kamaru, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka guji jiragen kaka da ke tashi daga Boston ko Niyu Yok zuwa arewa, domin Halifas da Kebek suke zuwa, duk Kanada ce.

Tekun Bahar Rum ya fi mana kusa kuma ya fi sauƙi. Fom ɗin bizar Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta shiga yawancin ƙasashen Turai, ba shi da tambaya a kan tsohon hukunci, ana hana mutum ne idan sunansa na cikin kundin waɗanda aka haramta wa shiga, ko ana ganin barazana ne ga zaman lafiyar jama'a. Kuɗinta yuro 90 ne tun Yunin 2024. Abin lura kawai shi ne, jirgin da ya tashi daga Marsai ko Basalona ya taɓa Tunis ko Turkiyya ya fita daga yankin Shengen ke nan, don haka bizar shiga sau da yawa ake buƙata, ba ta shiga sau ɗaya ba. Ingila da Ostareliya suna tambaya kuma dole a faɗa, amma ma'auninsu mai tsanani yana farawa ne daga ɗaurin wata 12, naka kuma bai kai nan ba. Akwai kuma jiragen da ke tashi daga Jidda suna zaga Bahar Maliya tun 2021, wanda zai ba ku damar haɗawa da Umara, kuma ina jin Hajiya za ta fi son wannan a kan kallon ƙanƙara.

Abin da nake ba ka shawara

Ka kira ƙanenka a daren nan ka ce ya dakata da biyan kuɗin Alaska. Idan burinsa shi ne ku haɗu ku huta tare a bana, ku zaɓi hanyar da ba ta bi ta Kanada. Idan kuwa Alaskar ce lallai, to tafiya ce ta shekara biyu ko uku masu zuwa, kuma sai wanke suna ya fito, biza ta fito, sannan a sayi tikiti.

Ni mai haɗa takardu ne, ba lauyan Kanada ba, kuma dokarsu ba ta yarda kowa ya karɓi kuɗi don ya wakilce ka a gabansu ba sai lauya ko mashawarcin da ke da lasisinsu. Fayil irin naka ya cancanci a biya irin wannan mutum ya duba shi, musamman yadda za a ƙirga ɗaurin je-ka-gyara-halinka, kuma ƙanenka zai fi ka sauƙin samunsa da tantance lasisinsa. Duk wanda ya ce maka a nan gida yana da hanya a ofishin jakadanci, ko ya ba ka tabbacin biza, ka riƙe kuɗinka, domin hukuncin ƙarshe na jami'in da ya karanta fayil ne shi kaɗai.

Abin da za ka iya farawa da shi tun gobe yana hannunka. Ka je ofishin akawun kotun da ta yi maka shari'a ka nemi kwafin hukuncin mai hatimi, da kwafin rahoton jandarmomi, da shaidar ranar da aka mayar maka da lasisi, ka kuma nemo rasidin tarar. Da yake takardun da Faransanci suke, Kanada za ta karɓe su yadda suke ba sai an fassara ba. Kaziye kuwa ka bar ta sai ƙarshe, domin wata uku kawai take aiki. Idan ka haɗa su ka kawo mini mu zauna mu fitar da ainihin ranar da shekara biyar ɗinka za ta cika.